Na ga birnin Alje, ɗan yayata bai gan shi ba

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su ce kowane matafiyi ake buɗe wa ƙofa ba. Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai tun watan Nuwamba na 2018, lokacin da ma'aikatarmu ta tura ni wani kwas na sati biyu a Alje, babban birnin ƙasar Aljeriya. Yau na ga ya kamata in fitar da ita, domin ta shafe mu duka, da ƴan kasuwar da ke sauke dabino da taliya da madarar gari daga Tamanraset, da mu ma'aikata da ke buga hatimi bisa takardun jama'a.

Kafin in kama hanyar Yamai inda zan shiga jirgi, sai da na biya Afala, garinmu, arewa da Tawa, in yi bankwana da dangi. Yayata, wadda ta goye ni ina jariri, ta ja ni bayan rumbu, ta miƙo mini wani ƙunshi cikin tsumma: cuku guda goma, da ƙullin yaji, da ƴar takarda mai lambar waya. Ɗanta na fari yana Alje shekara uku ke nan, yana aikin gini. Ta ce: «Ka kai mishi wanga. Kuma ka duba mini da idonka garin da shi ke, in ka komo ka gaya mini.» Na ce: «To, Yaya, in Allah ya yarda.» A raina na ɗauka saƙo ne mai sauƙi, tunda gari guda za mu kwana.

Wanda ya san Adar ya san ba baƙon abu ba ne gida ya wayi gari babu namiji da zarar an gama girbi. Ubanninmu Abijan da Kano da Ikko suka nufa, na bayansu suka juya arewa, Libiya da Aljeriya. Ɗan yayata ya bi ta Agadas da Arlit, ya tsallaka iyaka, ya yi wata biyar yana dako da kwaɓa siminti a Tamanraset kafin ya tara kuɗin mota, sannan ya gangara ta In Salah da Gardaya har bakin teku. Daga Tamanraset zuwa Alje kaɗai kusan kilomita 2000 ne. Tafiyar da ta ci masa fiye da rabin shekara, ni awa huɗu ba su cika ba na yi ta, ina zaune ana kawo mini shayi.

Ranar da na sauka na kira shi. Murna har muryarsa tana rawa. Na ce masa gobe Juma'a ba aiki, domin can Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, mu haɗu da hantsi gaban Babban Gidan Waya, wanda kowa ya ce mini shi ne cibiyar gari. Ya yi shiru, sannan ya ce: «Kawu, ba ni iya zuwa wurin nan. Ka bari in kira ka.» Na zaci uban gidansa ne ya hana shi. Ban matsa ba, na saka ƙunshin cikin jaka, na fita ni kaɗai.

Alje gari ne da aka jingina a jikin tudu, fuskarsa tana kallon Bahar Rum. Gidajensa farare ne fat, tagoginsu shuɗɗa, wani bisa wani kamar an jera ƙwarya a ɗakin amarya. Mutumin da ya tashi inda ruwa sai rijiya mai gaba ashirin, in ya ga teku ta cika masa ido har iyakar gani, dole ya tsaya ya yi tasbihi. Babban Gidan Waya, wanda suke kira Grande Poste, Faransawa suka gina shi a 1910, amma da ƙubba da bakuna da zane irin na Larabawa, har baƙo ya ɗauka masallaci ne. Gabansa matakala ce mai faɗi da fili. Tsofaffi suna karatun jarida, masu sayar da tsofaffin littattafai sun baje kayansu, ƴan makaranta suna hira, tattabaru suna kiwo tsakanin ƙafafun mutane ba mai korarsu. Abin da ya fara burge ni shi ne ba wanda yake sauri. Wuri ne da aka yi domin mutum ya zauna ba tare da an tambaye shi abin da ya kawo shi ba.

Daga nan na hau titin Didush Murad, mai itatuwa da kantuna dama da hagu. A zamanin Faransawa sunansa titin Michelet. Shi Didush Murad yana cikin mutum shida da suka tsara tashin yaƙin neman ƴanci ranar 1 ga Nuwamba 1954, kuma an kashe shi a Janairun 1955 yana da shekara 27. Tafiya kaɗan sai ga Dandalin Odan, inda ɗaliban jami'a ke taruwa. Maurice Audin Bature ne, malamin lissafi a jami'ar Alje, wanda ya goyi bayan Aljeriyawa. Sojan Faransa suka kama shi a Yunin 1957, ba a sake ganinsa ba. Sai a Satumban 2018, wata biyu kafin zuwana, shugaba Macron ya amsa cewa hukumar Faransa ce ke da alhakin mutuwarsa. Na daɗe tsaye a wurin ina tunani: ga mutanen da suka sa wa dandalinsu sunan wanda ba jininsu ba, saboda ya tsaya tare da su ranar wuya.

Na juyo na bi titin Larbi Ben Mhidi, wani jagoran da ya mutu a hannun sojan Faransa a Maris 1957. A tsakiyar titin akwai dandalin Amir Abdulƙadir, yana bisa doki, takobi a sama. Wannan malami kuma mayaƙi ya yi ta fafatawa da Faransawa daga 1832 zuwa 1847, ya rasu a Dimashƙa a 1883, aka maido da gawarsa gida a 1966. Kafin samun ƴanci, gunkin da ke tsaye a wannan fili na Bugeaud ne, janar ɗin da ya yaƙe shi. Aljeriyawa ba su rushe filin ba, mai dokin kawai suka canza. A nan na gane cewa garin nan littafi ne: yaro in ya san hanyar gidansu zuwa lakwal, ya riga ya haddace rabin tarihin ƙasarsa. Na tuna da namu, Sarauniya Mangu ta Lugu a 1899, da Kawsan da ya tsare Agadas a 1916, na tambayi kaina yara nawa ne a Tawa za su iya faɗin abin da suka yi. Mu ma dai mun fara, tunda a Oktoban 2024 aka sauya wa titin Charles de Gaulle na Yamai suna ya koma titin Djibo Bakary.

Da azahar ta gabato na gangara bakin teku. Can ne manyan tituna biyu suke haɗe baki da baki, na Zigud Yusuf, wanda maƙeri ne kafin ya zama kwamandan mayaƙa, da na Che Guevara. Hannu guda dogayen benaye ne masu rumfunan dutse, mutum ya yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi ba, ruwan sama bai jiƙa shi ba. Ɗaya hannun kuwa dogon baranda ne mai kallon tashar jiragen ruwa. An gina wannan gaɓa tun wajen 1860, bisa bakunan dutse da suka ɗaga titin sama da tashar. Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ranar Afirilu a kasuwar Tawa ya san darajar inuwa, kuma ya san mai ginin nan ya yi tunanin mai tafiya da ƙafa.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, ga inda za ku so ku gani: dandalin Port Sa'id, gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa. Samari ne tsaitsaye ƙarƙashin itatuwa da bakin rumfuna, kowa da damin kuɗi a hannu yana kaɗawa, kamar dai ƴan canjinmu. Dinarin Aljeriya ba ya fita waje a canza shi yadda ake so, saboda haka kasuwar bayan fage ta kafu a nan, kuma farashin da aka yanke a wannan fili shi ake bi har sauran garuruwa. A lokacin da na je, abin da suke bayarwa kan kuɗin Turai ya ɗara na banki da kusan rabi. A nan na fahimci yadda kuɗin ɗan yayata ke isa Afala: ya ba wani ɗan kasuwa dinari can, ɗan kasuwar ya sayi kaya da su, abokin cinikinsa a Tawa ya ƙirga wa yayata jikkunan sefa. Ba takarda, ba hatimi, amana ce kawai. Da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun fi ni sanin wannan hanya.

Ƙarshen titin shi ne Dandalin Shahidai, a gindin tsohon gari da ake kira Kasba. Bayan Faransawa sun ci Alje a 1830, sun rushe gidaje da masallaci a wannan wuri domin su sami filin faretin soja, suka kira shi Dandalin Gwamnati, suka kafa gunkin ɗan sarkinsu bisa doki. Bayan 5 ga Yuli 1962 gunkin ya koma Faransa, filin ya ɗauki sunan waɗanda suka mutu. Gefe guda ga Masallacin Jadid fari tas, na 1660. Kusa da shi Babban Masallaci, wanda ya kai tun 1097. Can sama kaɗan ga masallacin Ketshawa, wanda aka mai da shi coci a zamanin mulkin mallaka, ya koma masallaci a 1962, aka gyara shi da taimakon Turkiyya aka sake buɗe shi a 2018. A wannan shekara kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2011, ya iso dandalin, kuma wajen haƙa tasharsa aka tono gine-gine tun na zamanin Rumawa. A Ketshawa na yi Juma'a. Kafaɗata tana gogar ta wani dattijo; da aka sallame ya kama hannuna ya tambaye ni ƙasata, na ce Nijar, ya ce maƙwabci ɗan uwa ne, ya ja ni ya saya mini gahawa. Ba zan ɓoye wannan alheri ba, kamar yadda ba zan ɓoye abin da ya biyo baya ba.

Ina komowa ta ƙarƙashin rumfunan nan sai na ji Hausa. Wata mata ce zaune a kan kwali, da goyo, da wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba riƙe da ƴar tasa, tana cewa «sadaka, sadaka». Uwar tana yi mata faɗa da harshen Damagaram. Na yi sallama. Ta ɗago a firgice, ta dubi kwat ɗina da takalmina, ta amsa a taƙaice, ta jawo ɗiyarta jikinta. Kunya ta rufe ni, ban san ko tata nake ji ba ko tawa. Na tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, 52 yara, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a kan wannan hanya. Na ba ta abin da ya sawwaƙa, na wuce. Ban yi taku hamsin ba wani mai kaki ya tsai da ni ya nemi takardu. Na fito da fasfo da biza da takardar misiyo. Ya duba, ya sara mini, ya ce in ji daɗin yawo. Da na waiga, matar da ƴaƴanta sun ɓace, kwalin kaɗai ya rage. A nan ne na gane abin da ɗan yayata yake nufi.

Sai daren kwana na biyar ya kira ni. Ya kwatanta mini wata unguwa can bayan gari, inda na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙara da taksi. Bene ne mai hawa takwas da ba a gama ba, ba ƙofa ba taga. A hawa na biyu suke kwana, su tara, biyar ƴan Adar, sauran daga Mali da Gine. Sun toshe tagogi da buhunan siminti saboda sanyin Nuwamba. Ya rame, hannunsa ya yi kaushi kamar bayan itace, amma ya zama namiji. Ya durƙusa ya gaishe ni, na miƙa masa saƙon. Da ya kwance tsumman ya ji ƙanshin cukun, sai ya juya mini baya, na ba shi lokaci. Sannan ya gutsuttsura guda uku ya raba wa abokansa.

Muka zauna shan shayi. Ina ta ba su labarin abin da na gani, da Gidan Waya, da mai doki, da barandar teku, da dogon ginin tunawa da shahidai mai siffar ganyen dabino uku, wanda aka buɗe a 1982, tsawonsa mita 92. Na lura ba mai tanka mini. Ɗan yayata ya ce: «Kawu, shi wancan muna hango shi daga saman bene. Sauran kuwa sai dai a waya.» Shekara uku a gari, bai taɓa zama a kan benci a dandali ba. Daga shantiye sai shago mai sayar da burodi, sai shantiye. Ya ce in an kama mutum a titi ba a ba shi damar komawa ya ɗauki kayansa ko ya karɓi kuɗin aikinsa, shi ya sa wanda yake da hankali ba ya yawon banza. Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce: «Alhaji, mu muke gina garin, ku kuke ganin shi.» Na rasa amsar da zan ba shi.

Ba ina faɗin wannan ba ne domin in zagi maƙwabta. Kowace ƙasa tana da dokar shiga da fita, kuma tun Disamban 2014 da yardar gwamnatinmu aka fara kwaso ƴan Nijar ana maido su gida. Ɗalibanmu da yawa sun yi karatun likita da injiniya a jami'o'in Aljeriya da guzurin ƙasar. A titunan nan ne kuma aka yi babban bikin al'adun Afirka a Yulin 1969, baƙaƙe da farare suna rawa tare, Miriam Makeba tana waƙa. Amma gaskiya ɗaya ce: ana sauke mutane a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Asamaka, kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30.000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Garin da ya rubuta sunayen waɗanda aka wulaƙanta a kan kowane titi ya fi kowa sanin zafin wulaƙanci.

Sai dai in za mu nuna wani da yatsa, sauran yatsun mu suke kallo. Me ya raba ni da ɗan yayata a wannan dandali? Jininmu guda, fatarmu guda, garinmu guda. Takarda ce kawai. Shi ko takardar haihuwa ba shi da ita lokacin da ya tafi, domin ranar da aka haife shi ba wanda ya ga amfanin zuwa a rubuta shi. Mu ma'aikata mun san sau nawa talaka yake zuwa biro a ce masa ya komo gobe, har ya gaji ya kama hanyar hamada hannu wofi. Ku kuma ƴan kasuwa, da kuke riƙe da gumin yaran nan amana, kun san abin da kuke cirewa kafin ya kai hannun uwayensu. Kowa ya duba tsakaninsa da Allah.

Da na koma Afala, yayata ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce: «To, ƙanena, yaya garin?» Na ce mata gari ne mai kyau, fari, ga teku, ga masallatai, ɗanta yana lafiya, ya ci cuku. Duk gaskiya na faɗa, amma ban faɗi duka ba. Ta ce: «Alhamdu lillahi, ashe shina cikin daɗi.» Na sunkuyar da kai.

A Fabrairun 2019 na ga matakalar Gidan Wayan nan a telebijin, cike maƙil da jama'a kowace Juma'a, har shugaba Buteflika ya sauka ranar 2 ga Afirilu. Na ce lalle dandali ba wurin shan iska kaɗai ba ne, wuri ne da ɗan ƙasa ke tsayawa a gan shi, a ji shi. A ƙarshen wannan shekara aka kama ɗan yayata a hanyarsa ta sayen burodi. Ya iso Asamaka, daga nan Agadas, daga nan gida, da riga guda da silifa, kuɗin aikinsa na wata huɗu suna hannun uban gidansa har gobe. Abin da ba a iya ƙwace masa ba shi ne sana'ar hannunsa. Ya koyi shimfiɗa karo da gyaran bango, yau yana da yara biyu masu koyo ƙarƙashinsa a Tawa, kuma na tsaya da kaina har ya sami takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa.

Ranar sunan ɗansa na fari, da la'asar, muna zaune a dandalin Afala ƙarƙashin bagaruwa, inda ba benci ba gunki, sai turɓaya da tabarmi da awaki, ya ce in ba shi wayata ya ga hotunan Alje. Ya daɗe yana turawa da yatsa. Da ya zo kan hoton barandar teku ya tsaya, ya ce: «Kawu, ashe haka garin yake.» Ya miƙo mini wayar, ya miƙe ƙafafunsa, ya jingina da itacen, ya kira yaro ya kawo wuta a ɗora shayi.

Allah shi kiyaye matafiyanmu, shi maido su gida lafiya, shi ba mu damina mai albarka. Sai wani satin in muna da rabon ganawa.